Taku Biyar Tsakanin Gado da Tebur

Ɗan farina ya dawo gida Garwa daga Ngawundere a farkon bazara, da jaka ɗaya, da sanda, da kwamfuta biyu. Ciwon sikila da ya taso da shi ne ya sauka a ƙugunsa na hagu. Likita ya ce ƙashin wurin ya cinye, tafiya sai da dabara, tsayuwa kuma sai ta zama dole. Shekarunsa talatin da ɗaya a lokacin. Aka gyara masa ɗakin da ke kusa da zaure, inda mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, yake ajiye dilolin atamfa.

Ni na haife shi, amma ba ni na raine shi ba. A gidanmu, kamar sauran gidajen Hausawan unguwarmu, ɗan fari na kaka ne. Ranar da aka yaye shi surukata ta ɗauke shi, ita ce muke kira Dada. A ɗakinta ya yi wayo, a tabarmarta ya koyi cin tuwo. Ni kuwa ba na kiran sunansa, ba na zama inda yake zaune, ba na kallonsa ido da ido. In zan ba shi abinci sai in miƙa wa ƙanwarsa in ce, "Kai wa wancan." Shi ma bai taɓa ce mini Inna ba. Adda yake ce mini, yadda Fulanin maƙwabtanmu ke kiran babbar yaya. Ba wanda ya tilasta mini. Haka na ga uwata ta yi da yayanmu, kuma abin bai taɓa yi mini nauyi ba sai ranar da na gan shi ya shigo zaure yana dogara sanda.

Aikinsa rubuta manhajar kwamfuta ne. Kawunsa, wato ƙanena, mahauci ne a abatuwa, yana cikin manyansu. A shekarun nan hanyoyin shanu na arewa sun rikice, motocin soja ba sa yankewa a kan gadar Benuwe, yawancin shanun da ake yankawa daga Adamawa suke zuwa a tirela, ba su da tsayayyen lokaci. Kullum da safe sai an yi cacar baki a kan layi: wa ya riga kawowa, saniyar wa likitan dabbobi ya duba ya buga wa hatimi, wa zai fara yanka. Kawun ya zo duba shi, ya ce tun da hannu da kai lafiya suke, ya rubuta musu abin da kowane mahauci zai duba a wayarsa ya ga layinsa. Na ga fuskar yaron ta saki a ranar. Ba ya son zaman banza.

Kwamfuta ɗaya ƙarama ce mai naɗewa, ita yake ɗorawa a kan matashi yana rubutu daga gado. Ɗayar tsohuwa ce, babba, mai gurnani, tana kan tebur a bakin ƙofa inda iska ke shigowa, don zafin Garwa ba ya barinta ta zauna a ƙuryar ɗaki. Wata shuɗiyar waya ta haɗa su ta ƙasa. A kan babbar manhajar ke aiki, saboda ita za a kai ofishin abatuwa in an gama. To duk lokacin da ya gyara wani abu a rubutunsa, ko harafi ɗaya ne, babbar ba ta sanin an yi gyara. Da tsohon take ci gaba da aiki. Sai an tsayar da manhajar an sake tayar da ita, sannan ta ɗauki sabon. Daga gado zuwa tebur taku biyar ne.

Wata safiya na fito daga madafa da kwanon kunun gyaɗa, zan ajiye masa a bakin ƙofa yadda na saba. Labule a ɗage yake. Na gan shi tsaye tsakanin gado da tebur, hannu ɗaya a bango, ɗaya a sanda, ya runtse ido, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ko nishi bai yi ba. Ya dai tsaya, ya kasa gaba ya kasa baya. Dada ta tafi gaisuwar rasuwa, ƙanwarsa tana gidan aurenta a Gidar. Ba kowa a gidan sai ni.

Na shiga na tura masa kujera ya zauna. Sannan na tambaya, ina kallon tebur, "Me ake yi a wurin nan da sai an taso?"

"Tayar da ita kawai, Adda. Abu uku ne."

"Uku ai ko makaho ya iya."

Ya yi 'yar dariya yana share gumi. "Ai kin yi lakwal, kin taɓa karatun boko."

"Aji huɗu. Rabinsa ma ya bi ruwa."

"Ya isa. In dai kin san C, an gama."

Ya nuna mini. In danne maɓallin da ke kusurwar ƙasa, kada in saki, in taɓa C: na kashe ta ke nan. Sai in taɓa kibiya mai kallon sama, ita za ta dawo da umarnin da aka bayar ɗazu. Sai babban maɓallin da ke dama. Na yi. Fararen rubutu suka yi ta gudu a kan baƙin allo, sannan suka tsaya. Layin ƙarshe kalma ɗaya ce ta Faransanci da shi ya sa ta, mai nufin an shirya. Ita na iya karantawa.

"Ta tashi," na ce.

"Useko, Adda," ya yi mini godiya da Fulatanci.

Na taimaka masa da kujerar har bakin gado, na koma madafa. Ban kai ga sauke tukunya ba na ji tsayuwar sandarsa a kan siminti, zai sake tasowa. Na dawo na zauna a gaban teburin. Daga ranar wurin ya zama nawa.

Ban sani ba ko akwai hanyar da zai yi wannan aikin daga gado. Ya taɓa cewa tsohuwar kwamfutar tana ƙin karɓar umarni daga nesa, kuma ba shi da lokacin lallashinta. Ban ƙara tambaya ba. Abin da na sani shi ne, a shekara talatin da ɗaya ban taɓa samun hujjar zama ɗaki ɗaya da shi ba sai wannan, kuma in ta tafi ba ni da wata.

Da na ɗora abincin rana sai in ɗauko faifaina, ko zogale zan tsinke ko gyaɗa zan ɓare, in zauna na ba shi rabin baya. Ya yi ta ƙwas-ƙwas a kan ƙaramar, can sai ya ce, "Adda, tayar." In goge yatsuna a zane in yi abu ukun, in ce, "Ta tashi." Wani lokacin ba ta tashi, sai jan rubutu ya fito. Nan zan karanta masa lambar layin da ke jiki, ya ce, "Kai, na manta waƙafi," ya gyara, mu sake. A wuni muna yi sau talatin, wata rana fiye. In an ɗauke wuta sai mu zauna shiru muna fifita har ta dawo. Ban tashi ba ko a lokacin, don ba a san sa'ar da za ta dawo ba.

Allon baƙi ne, kuma yana kallon gado. Ban daɗe ba na gane ina ganin fuskarsa a ciki kamar a ruwan randa. Nan na fara kallon ɗana. Goshin mahaifina ne da shi. In yana tunani yakan ciji leɓensa na ƙasa ta gefe ɗaya, kuma ni ma haka nake yi, ban san ya ɗauka ba. Akwai furfura biyu ko uku a gefen kunnensa. In ciwon ya motsa ba ya ɓata fuska, hannunsa ne kawai ke tsayawa a kan maɓallai har abin ya lafa.

Wata rana ya ce in duba wayarsa in gaya masa ko kawu zai gane. Na duba. Kowace saniya lamba ya ba ta.

"Ba mahaucin da zai ce saniya ta goma sha bakwai," na ce wa wayar. "Ja mai karyayyen ƙaho zai ce, ta dillalin Tibati. Ko fara mai tozo a kwance. Ubana ko cikin ɗari ya ga saniya sau ɗaya ya san ta, bai kuma san lamba ba."

"To me da me suke dubawa?"

Na lissafa masa: launi, ƙaho, tozo, tsagar kunne, tambarin wuta a cinya, da wanda ya kawo ta. Yana tambaya ina ba shi amsa, yana rubutawa ina tayarwa. Muka kai har azahar. Na ba shi labarin wani bijimi da ya ƙwace ranar kasuwa ina yarinya, ya shiga rumfar masu tukwane, ya yi dariya har ya riƙe ƙugu yana cewa in bari. Da yamma kalmomina suka fito a wayar, kowace da gurbinta. Ban taɓa yin doguwar magana da shi kamar ta ranar ba.

Dada ba ta gani sosai, amma ba abin da ke wuce ta. Tsakaninta da shi wasan jika ne, mijinta take kiransa. Ta leƙo wata hantsi tana dogara bango.

"Kai maigida, ashe sakatariya ka ɗauka ban sani ba?"

"Ke ai kin ƙi karatu, tsohuwa. Da ke zan ɗauka."

"Ni da na wanke maka kashi? Karatun me ya rage mini?" Sannan ta juyo wajena. "Ke kuwa ba kya jin nauyi? A zamaninmu da ƙasa ta tsage kin shige."

"Aiki ne, Dada."

"Aiki. To Allah ya ba da lada."

Da wasa ta faɗa, na sani. Amma magana in ta fita daga ɗaki ba ta komawa. Ranar sunan maƙwabta mata suka yi ta yi mini tsiya, wai an ce har hira nake yi da ɗan fari, saura in goya shi. Na yi dariya tare da su. Bayan kwana biyu goggonsa, ƙanwar mahaifinsa, ta zo gidan. Ita ba da wasa ta zo ba. A tsakar gida ta tsaya, da ƙarfi, ta ce ana maganata a unguwa, ta ce in ba a rasa yara a gari ba a nemo wanda zai danna masa, babbar mace kamata ba ta zubar da kunyarta a kan na'ura. Na ce mata to. Labulen ɗakinsa a ɗage yake, ya ji komai.

Washegari na shiga da faifaina kamar kullum. Ya gaishe ni, ya ce yau wani abu daban zai yi. Ya ce akwai wata 'yar manhaja da masu irin aikinsa ke sakawa, shi mai gadi yake kiranta. Aikinta ɗaya ne: ta zuba ido a kan jakar cikin kwamfuta da rubutunsa ke ciki. Da ta ga an taɓa wani abu an ajiye, sai ta kashe manhajar ta sake tayar da ita da kanta, ba sai an danna komai ba.

"Kin huta ke nan, Adda. Na wahalar da ke da yawa. Ga mutane kuma."

Na so in ce ban gaji ba. Na so in ce bakin mutane bai taɓa kashe kowa ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Madalla. Allah ya yi albarka."

Ni na taya shi saka ta. Ya riƙa faɗa mini haruffa ɗaya bayan ɗaya ina nema ina dannawa a kan babbar, don umarnin farko sai a can za a ba shi. Ya ce daga yau ba manhajar za a riƙa tayarwa kai tsaye ba, mai gadin za a tayar sau ɗaya da safe, shi kuma ya riƙe ta. Muka gama. Ya canja harafi ɗaya daga gado ya ajiye. Ina zaune, hannuna a kan cinya, rubutu ya yi gudu da kansa ya tsaya.

"Kin gani?" ya ce. Murna yake yi da gaske.

Amma ba a yi minti ɗaya ba rubutun ya sake gudu, ba wanda ya taɓa komai. Ya tsaya, ya sake. Ya yi ta yi ba ƙaƙƙautawa, babbar tana gurnani tana hura zafi. Ya ce in kashe, na kashe. Muka sake gwadawa, haka. Har la'asar bai gano dalili ba, sai ya ce mu koma yadda muke yi kafin ya duba.

Kwana biyu muka koma yadda muke. Zan faɗi gaskiya: na ji daɗi. Ɗana yana cizon leɓe yana neman inda kuskure yake, ni kuwa a zuciyata ina fatan kada ya gano. Na yi istigfari a kan wannan a sallar magariba, washegari kuma na sake jin daɗin.

A rana ta uku ya gano. Ashe manhajar duk lokacin da ta tashi takan rubuta wa kanta 'yar takarda cewa ta tashi a lokaci kaza, kuma a cikin jakar nan da ake gadi take ajiye ta. Mai gadi ya ga an taɓa abu sai ya kashe ya tayar, ita kuma ta sake rubutawa, shi kuma ya sake gani.

"Wawan mai gadi ne," ya ce. "Ko kaza ta gifta sai ya yi ihun ɓarawo."

Ya rubuta masa jerin abubuwan da ba ruwansa da su: takardar nan, da hotunan shanu, da inda ake ajiye layin mahauta. Ya kuma ce masa in ya ga canji ya ɗan dakata kamar ƙiftawar ido biyu, kada ya tayar da rabin gyara. Daga nan bai sake kuskure ba. Ya ma sa shi ya riƙa tashi da kansa in wuta ta dawo. Ko na safiyar bai bar mini ba.

Na kwashe faifaina na koma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Kunu ya koma bakin ƙofa. Daga inda nake zaune ina jin ƙwas-ƙwas ɗinsa, in ya tsaya kuma sai in ji gurnanin babbar ya ɗan ɗaga ya sauka, na san ta tashi. Sau da yawa nakan goge yatsuna a zane kafin in tuna. Goggonsa ta zo ta ga inda nake zaune, ta ce yauwa. Wata rana Dada ta zauna kusa da ni tana taya ni tsinkar zogale, ta ce, "Ni fa wasa nake yi." Na ce na sani.

Aikin ya ƙare kafin ruwan farko. Kawunsa ya zo da mai babur suka ɗaure babbar a baya suka kai abatuwa. An ce har yau da ita suke duba layi. Da damina ta yi nisa ciwon ya tsananta, likita ya ce sai an kai shi kudu a yi masa aiki. Kawun ne ya raka shi, suka hau mota zuwa Ngawundere don su kama jirgin ƙasa. Uwa ba ta raka ɗan fari tasha, a zaure na tsaya. Bai dawo ba. Can aka yi masa sutura, Allah ya jiƙansa da rahama.

Amma kafin a ɗauke babbar akwai wata Laraba. Zafi ya yi zafi, Dada tana barci, gidan shiru. Mako uku ke nan ban taka ɗakin ba. Na tashi na nufi ƙofarsa ba da kwano ba, ba da faifai ba. A hanya na shirya abin da zan ce: zama na zo yi. Kalma huɗu. Na ɗaga labule na yi sallama, ya amsa ya ɗago kai.

"Adda, akwai abin da kike so?"

"Tsintsiya na zo ɗauka."

Akwai wata tsohuwar tsintsiya a bayan ƙofarsa, ta kaɗe ƙura. Na sunkuya na ɗauka. Ina da guda biyu a madafa, kuma ya sani. Na juya zan fita.

"Rana ta yi yawa a waje," ya ce, idonsa a kan rubutunsa. "Ba a shara yanzu. Ki bari ta yi sanyi."

Kujerar tana nan inda take. Na zauna, tsintsiya a kan cinyata. Ya ci gaba da aikinsa. Ya gyara, ta tashi da kanta, ya gyara, ta tashi. Can ya miƙo hannu ya karkato da 'yar fankar da ke gefen gadonsa ta fuskanto ni, ya bar kansa cikin zafi. Ban ce ya mayar ba, ban kuma yi godiya ba. Muna nan a haka har aka kira la'asar a masallacin unguwa.

Na tashi na fita da tsintsiyar. Tsakar gidan a share take tun safe. Na sake share ta tun daga bakin ƙofarsa har zaure, a hankali, don ya ji.